Wai ba zan ga Kirsimetin bana ba

Anti barka da aiki, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni nas ce, shekarata 29, 'yar kudancin Kaduna, ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda, shekara biyu kenan da 'yan watanni. Bara ana saura kwana shida Kirsimeti ƙanina ya rasu a hatsarin mota yana hanyar dawowa gida, ban samu zuwa biso ba, a waya na kalla ana saka shi a rami sannan na wanke fuska na tafi aikin dare. Tun daga lokacin ban ƙara zama daidai ba. Da watan Satumba ya kama sai Mama ta haɗa ni da wani mutumin Allah a WhatsApp, ya yi addu'a yace an nuna masa gwaggona, ƙanwar babanmu, ita ta cinye ƙanina kuma ni ce ta gaba, wai ba zan ga 25 ga Disamba ba sai an fanshi raina. Na tura masa riyal 800, na ƙara 1,200, yanzu yace sai 3,000 na ƙarshe kuma zai aiko min da mai da wani ƙulli ta hannun wani mai zuwa. Anti idan na kwanta wani abu yana danne ni, ina ji ina gani amma ba na iya motsi ko ihu, zuciyata tana bugawa kamar zata fito. Nan babu coci, babu fasto, wadda take kula da ni wata Hajiya ce Bahaushiya haifaffiyar nan da muke aiki tare, tana kawo min abinci tace tana saka ni a addu'a, ni kuma ban sani ba ko ya halatta in karɓa. Saura wata takwas kwantiragina ya ƙare. In biya kuɗin? In ajiye aikin in koma gida? Gaskiya bana ko kalmar Kirsimeti ba na son ji.

Ƙanwarki daga Jidda

Ƙanwata, sannu, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku ya riƙe Mama. Na karanta wasiƙarki sau uku kuma duk lokacin wajen da nake tsayawa ɗaya ne, wajen da kika ce kin wanke fuska kin tafi aikin dare. Kin binne ƙaninki ta gilashin waya sannan kin je kina auna wa wasu jini kina musu murmushi, ba wanda ya zauna da ke zaman makoki, ba wanda ya kawo miki ko kunu, ba zumuntar mata da zasu cika tsakar gida da waƙa har kukan ya fita. Kukan da ba'a yi ba baya ɓacewa fa, waje yake nema, kuma naki ya samu waje a ƙirjinki da barcinki. Saboda haka kar ki ɗauka imaninki ne ya yi rauni ko kin zama wawuya, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Bari in fara da wanda yafi gaggawa. Kar ki tura riyal ɗaya. Ba 3,000 ba, ko na shayi kar ki tura. Ki zauna ki duba yadda abun ya tafi da idon nas ba da idon mai jin tsoro ba: an fara da 800, da aka ga kin biya sai ya zama 1,200, da aka ga kin ƙara sai ya zama 3,000, kuma an saka miki rana domin kar ki samu sararin tunani ko ki tambayi wani. In kin biya wannan, wallahi ranar 26 za'a kira ki ace addu'ar ta yi aiki shi yasa kike raye amma ruhun ya koma kan Mama, a kawo na Mama. Sannan ki tambayi kanki, me ya faɗa miki wanda Mama bata riga ta faɗa masa ba? Yasan an yi rasuwa, yasan akwai 'ya a Saudiyya mai ɗaukar albashi da riyal, yasan akwai tsohuwar rashin jituwa tsakanin Mama da dangin miji, wanda kusan ba gidan da babu. Wannan ai ba wahayi bane, kunne ne mai kyau kawai.

Kuma Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba akan wannan. A Ayyukan Manzanni sura 8 akwai Siman mai sihiri na Samariya da ya ɗauko kuɗi zai sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus bai tsaya lallashi ba yace masa ya hallaka shi da kuɗin nasa tunda yana tsammani baiwar Allah abar saye ce. A Matiyu 10:8 da Yesu ya aiki almajiransa su warkar da marasa lafiya su fitar da aljanu, a aya ɗaya ya haɗa musu da cewa kyauta suka samu, kyauta zasu bayar. Toh wanda yace yana aiki da sunan Yesu amma yana da farashi kamar mai kanti, ke ki faɗa min a wajen wa ya koyo.

Maganar mai da ƙullin nan kuwa, nan ne hankalina ya tashi sosai, domin ita ce kaɗai a duk wasiƙarki nake ganin zata iya jefa ki cikin masifa ta gaske kafin 25 ga wata. Ƙasar nan bata wasa da duk abun da yayi kama da sihiri, laifi ne babba da kotu take hukuntawa, kuma wanda ya samu ƙulli da rubutu da zare a jakarki ko a ɗakinki na sakan, wato masaukin ma'aikata, ba zai tsaya sauraren cewa wani mutumin Allah ne ya aiko ba. Banda haka, ƙullin da baki ga abun da aka saka ciki ba ki karɓa daga hannun baƙo, kin san mutanenmu nawa suka shiga kurkuku a nan saboda saƙon da aka basu a filin jirgi. Ki rubuta masa layi ɗaya kice kar a aiko da komai ba zaki karɓa ba, ki ɗauki hoton duk hirarku da rasit ɗin kuɗin da kika tura ki ajiye, sannan ki toshe lambarsa. Zai neme ki ta wata lambar, zai yi barazana, zai ce jininki na kanki. Ki toshe wannan ma. In kin koma gida kina so ki bi kadin kuɗinki akwai 'yan sanda da EFCC, amma ba shi ne na yanzu ba.

Yanzu mu zo kan Kirsimeti da kika ce ba kya son ji. Na gane, domin Kirsimetin da muka taso da ita ta sabon kaya ce da anko da cincin da shinkafa da kaza, yara na yawo gida gida, ana kai wa maƙwabta Musulmi kwano suma su rama da sallah. Wannan Kirsimetin tana buƙatar gida cike da mutane, kuma naku gidan ya ragu da mutum ɗaya. Amma ki buɗe Luka sura 1 da 2 da Matiyu sura 1 da 2 ki karanta a hankali kamar baki taɓa ji ba, zaki ga labarin cike yake da mutane masu rawar jiki. Zakariya tsoho yana cikin Haikali ya firgita, aka ce masa kada ka ji tsoro. Maryamu yarinya da ciki ba'a ɗaura aure ba, a garin da irin wannan kan iya jawo jifa, aka ce mata kada ki ji tsoro. Yusufu ya kwanta da nufin rabuwa da ita a ɓoye, cikin barcin aka ce masa kada ya ji tsoro. Sai makiyaya, su kuma ina so ki lura dasu da kyau domin abokan aikinki ne, 'yan aikin dare ne, suna waje suna tsaron garke lokacin da masu gata suke barci, Luka yace tsoro mai yawa ya kama su, kuma su aka fara yi wa albishir cewa an haifa musu Mai Ceto. Sau huɗu kenan. Ba'a cewa kada ka ji tsoro sai ga wanda tsoro ya riga ya kama.

Kuma tsoronsu ba na banza bane. Ƙasar tana ƙarƙashin Romawa, umarnin Kaisar Augustas na ƙidaya ne ya tada mace mai tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar kwanaki, ta haihu ta kwantar da jaririn a komin dabbobi domin babu masauki. Sarkin ƙasar Hirudus mutum ne da tarihi ya tabbatar ya kashe matarsa da 'ya'yansa uku na cikinsa saboda zargin suna neman kujerarsa, shi ne Matiyu yace ya aika a kashe yara maza na Baitalami daga shekara biyu zuwa ƙasa. Yusufu ya tashi cikin dare ya ɗauki uwa da ɗa suka gudu Masar, can ƙetaren wannan Bahar Maliya da kike gani in kin fita Kornish, bakin tekun Jidda, suka zauna baƙi a ƙasar da ba tasu ba cikin mutanen da addininsu daban. Ƙanwata, Yesu ya yi zaman baƙunta tun yana ɗan ƙaramin yaro. Kirsimeti ta farko tafi kama da taki ta Jidda fiye da wadda muke yi a gida da lasifika.

Ga abun da nake so ki riƙe. Mutumin nan yayi amfani da kalmar fansa, wai sai an fanshi ranki. Kalmar tamu ce ya sato. A Markus 10:45 Yesu da bakinsa yace ya zo ne ya bada ransa fansa domin mutane da yawa, kuma dalilin haihuwar kenan, sunan ma da aka ce a raɗa masa ma'anarsa Ubangiji yana ceto. Wasiƙar Ibraniyawa 2:14 da 15 ita tafi fito da abun fili, in kin tambaye ni ma ita ce ayar Kirsimeti ta gaske duk da ba'a cika karanta ta a ranar ba: tunda mu nama da jini ne shima ya ɗauki nama da jini, domin ta wurin mutuwarsa ya karya mai ikon mutuwa wato Iblis, ya 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya mayar bayi duk tsawon rayuwarsu. Ki sake karanta ƙarshen. Bayi saboda tsoron mutuwa. Wata uku kenan kina wa wani mutum aikin dare yana karɓe albashin, ba da bulala ba, da tsoron mutuwa kawai. Wannan bautar ce aka haifi Yesu ya tsinka, kuma abun da aka riga aka biya da jini ba'a ƙara masa cikon riyal.

Ba zan ce miki babu mugunta a duniya ba, ko babu Shaiɗan, ni ban yarda da haka ba kuma Littafin bai faɗa ba, 1 Yahaya 3:8 cewa yayi Ɗan Allah ya bayyana ne domin ya rushe ayyukan Iblis, ai ba'a rushe abun da babu. Abun da nake cewa shine ko da ace duk abun da mutumin nan ya faɗa gaskiya ne, wanda ban yarda ba, amsar Kirista bata canzawa. Romawa sura 8 ta lissafa mutuwa da rai da mala'iku da ikoki da abun yanzu da na gaba tace ba ɗaya da zai raba mu da ƙaunar Allah. Babu wajen da aka ce sai dai gwaggo.

Nasan tambayar da take ƙasan zuciyarki wadda baki rubuta ba: in haka ne me yasa ƙanina ya mutu, shi ba'a haifi Mai Ceto dominsa bane? Ba zan miki ƙaryar cewa ina da amsa mai gamsarwa ba. Abun da na gani shine Matiyu bai ɓoye uwayen Baitalami ba, ya saka kukansu a tsakiyar labarin haihuwar, Rahila tana kukan 'ya'yanta ta ƙi ta'azantuwa, kuma tsohon nan da ya rungumi jaririn a Haikali ya faɗa wa Maryamu a fuskarta cewa takobi zai soki ranta. Ceton da aka yi alkawari ba wai ba zamu shiga kabari ba, shine kabarin ba nan maganar ta ƙare ba, kuma ba mu kaɗai muke bin hanyar ba, Immanuwel kenan, Allah tare da mu. Saboda haka ki yi kukanki ranar Kirsimeti in ya zo, ba saɓo bane. Game da hatsarin kuwa, kin san hanyoyinmu a ƙarshen shekara, kowa na rububin zuwa gida, direba na so yayi sawu uku a ranar da ya kamata yayi ɗaya, ga hazon hunturu ga ramuka ga tayoyin da suka gama aiki, shi yasa hukumar kiyaye haɗura ta FRSC take gangami na musamman duk shekara daga Satumba zuwa Disamba. Mutane sun mayar da watannin kamar masu shan jini, alhali gudu ne da gajiya da lodi.

Abun da yake danne ki da dare sunansa dannau, kakanninmu sun san shi, Larabawan nan ma suna da sunansu jasum, kuma ke da kika yi makarantar nas nasan kin taɓa jin bayaninsa, tsoro ne ya goge miki. A matakin barcin da ake mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe motsin jiki da gangan domin kar mutum ya tashi yana aikata mafarkinsa, toh wani lokaci hankali yana farkawa kafin jikin ya saki, sai mutum ya ji yana gani yana ji amma ko yatsa ya kasa ɗagawa, ƙirji yayi nauyi, wani har ya ga inuwa a bakin ƙofa domin mafarkin bai gama wucewa ba. Daƙiƙu ne zuwa 'yan mintuna, baya kisa. Abubuwan da suke kawo shi kuwa kamar an zana hotonki: rashin isasshen barci, canjin aiki yau dare gobe rana, damuwa, da kwanciyar rigingine. Ki koma kwanciya ta gefe, ki rage gahawa da shayi awanni kafin ki kwanta, ki daina sauraren saƙon muryar mutumin nan a kan gado, ki sa labule mai kauri in da rana zaki yi barci. In ya zo kar kiyi kokawa dashi, ki maida hankali kan numfashi da motsa ɗan yatsa ɗaya, ki riƙa faɗin Zabura 23 a zuciya har ya sake ki. Bugun zuciyar kuma kar ki yi wa kanki likita, ki je asibitin ma'aikata a duba jininki da maƙoƙo, ki faɗa wa likitan gaskiya cewa kin yi rashi shekara guda kenan kuma ba kya barci, in ya tura ki wajen likitan ƙwaƙwalwa ki je, ba hauka bane. Akwai layin 937 na ma'aikatar lafiya in abun ya taso miki cikin dare. Ki kuma roƙi shugabar sashenku ta rage miki aikin dare na wata ɗaya ko biyu. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, wannan ba na jira bane, a ranar zaki faɗa wa wani.

Sai gwaggo, baiwar Allah da ba ta nan ake yanke mata hukunci. Ki tuna itama ɗan ɗan'uwanta ne ya mutu, mai yiwuwa ta goya shi. Ban san halinta ba, ƙila tana da baki, ƙila ita da Mama sun daɗe basa ga maciji, amma zafin baki daban kisa daban. Kin san abun da kalmar mayya take jawo wa tsohuwa a ƙauyukanmu, daga ƙauracewa sai duka, wasu an ƙona musu ɗaki wasu an kashe su, kuma dokar Najeriya ma ta haramta a zargi mutum da maita. In maganar nan ta fita daga wayarku ta shiga bakin samarin gidanku masu zafin rashi, abun da zai biyo baya ba mai iya dawo dashi, kuma muguntar da kuke gudu sai ta shigo ta ƙofarku. Kar ki faɗa wa kowa wannan zargi, ki kuma roƙi Mama ta riƙe bakinta.

Mama kuwa a hankali zaki bi da ita, kar ki kira ta da faɗa kice ta haɗa ki da ɗan damfara. Uwa ce da ta binne ɗa, ta kasa kare wancan shine take neman duk hanyar da zata kare ki, kuma ya fi mata sauƙi ace wani ne yayi da ace taya ce ta fashe, domin in mutum ne akwai abun yi. Ina ma zargin itama yana karɓar nata, ki tambaye ta cikin dabara. Ki ce mata Mama na daina tura wa mutumin nan kuɗi, abun da zan tura ke zan tura wa, kuma kullum ƙarfe kaza zan kira ki mu yi addu'a tare. Jidda tana gaban Najeriya da awa biyu, ki zaɓi lokacin da zai yi muku ku biyun ki riƙe shi kamar shan magani. Sannan ki nemi lambar faston cocinku na gida, wanda ya san ku ya san gwaggo ya binne ƙaninki, ko shugabar zumuntar mata, ki faɗa musu komai ki roƙa su riƙa leƙa Mama. Mai yi muku addu'a ya zama wanda yake da ikilisiya da dattawan da zasu iya tsawata masa, ba lambar waya da hoton kwat ba.

Maganar ajiye aiki, ni ban goyi baya ba a yanzu, ba don kuɗi sun fi lafiyarki ba, sai don shawarar da aka yanke cikin firgici da wuya ta yi kyau, kuma in kin koma yau kin koma kusa da mutumin ne ba aiki a hannu. Karya kwantiragi mai wa'adi kan iya sa a nemi diyya a wajenki ya kuma taɓa kuɗin sallamarki, saboda haka ki karanta takardarki da kyau kafin ki furta komai a ofis. Abun da yafi shine hutu. Dokar ƙwadago ta nan ta ba ma'aikaci aƙalla kwana 21 a shekara da albashinsa, in kina da sauran kwanaki ki nema, ko ba'a baki a Disamba ba ki karɓi Janairu ko Fabrairu, ki je ki tsaya a bakin kabarin nan da ƙafarki kiyi kukan da kika haɗiye. In kin dawo kika ga har yanzu jikin ya ƙi, ko likita yace ki huta, toh sai ki ƙarasa watannin ki ƙi sabuntawa ki tafi da haƙƙinki cikakke. In kuma likitan yace tafiyar yanzu ita ce lafiyarki, ki tafi, aiki baya ƙarewa a duniya.

Hajiya kuma, haba ƙanwata, ki ci abincinta ki ce na gode. Mace ta gan ki baƙuwa kina ramewa ta ɗauko kula daga gidanta ta kawo miki, bata tambaye ki ko sisi ba, ki aza ta kusa da mai neman 3,000 ki ga wanne yafi kama da Basamariyen nan na Luka sura 10. Mutanenmu Hausawa sun daɗe a ƙasar nan, kakannin wasu da ƙafa suka taho aikin hajji ta Chadi da Sudan suka tsallako teku suka zauna, sun san ciwon baƙunta. Addu'ar alheri da wani yayi miki a zuciyarsa bata cire ki daga bangaskiyarki. Musulmi suna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, sura ta 19 a Alƙur'ani sunan Maryam take ɗauke dashi, mun bambanta dasu akan ko shi wanene kuma bambancin ba ƙarami bane, amma ba sai kun buɗe wannan muhawarar ba, dama a nan wa'azi ga Musulmi laifi ne a doka. In ta kawo wani abu na sha ko na shafawa da zuciyarki bata kwanta dashi ba, ki ce Hajiya na gode, abincin dai da addu'ar sun ishe ni. Zata gane.

Ranar kanta fa, ya zaki yi? Gaskiya ne babu ginin coci a ƙasar nan kuma ba'a ibadar da ba ta Musulunci ba a fili, ki kiyaye wannan, ba taro ba lasifika ba ɗora bidiyo a Facebook. Amma ɗakinki naki ne. Ni Kirsimetina ta farko a Riyad a bakin aiki ta same ni, na dawo sakan da safe ƙafafuna sun kumbura na zauna bakin gado da takalmi a ƙafa ina kuka, sai naji ana ƙwanƙwasa ƙofa, wata 'yar Indiya daga Kerala ce da muke hawa bas ɗaya bamu taɓa magana ta wuce gaisuwa ba, riƙe da yankan kek a kan murfin roba da tauraron takarda ja da ta naɗe a jakarta tun daga gida. Muka kira wata 'yar Filifin ta ɗakin gaba, na dafa dafa-duka a tukunyar lantarki da tumatirin gwangwani da kazar baƙala, wato kantin unguwa, ƙasan ya kama har ɗakin ya ɗau ƙauri, muka rufe ƙofa kowa ta karanta Luka 2 da harshenta daga wayarta, ni da Hausa, muka yi waƙa ƙasa ƙasa kamar masu gulma. Mu uku ne, kuma Matiyu 18:20 biyu ko uku yace. Asibitinku ba zai rasa irinsu ba, ki buɗe ido a bas ɗin ma'aikata. In ma kina bakin aiki ranar 25 kar ki damu, Littafin bai faɗi ranar haihuwar ba, rubutu mafi tsufa da ya nuna ana bikin a 25 ga Disamba na Roma ne wajen shekara ta 336, kuma Kibɗawan Masar da 'yan Habasha sai 7 ga Janairu suke tasu, kinga kina da dama biyu kenan.

Ki ajiye hoton ƙaninki a wajen, ki kira sunansa a addu'a ki gode wa Allah da shekarun da ya baku shi, ki kira Mama da bidiyo ku karanta tare. Daga cikin 3,000 ɗin nan da suka tsira ki tura wa Mama na shinkafa da kaza, ki ɗiba wa Hajiya kwano ɗaya na abun da kika dafa kamar yadda muke yi a gida. In zuciyarki ta iya, ba dole, ki saka ɗan wani abu a ce a kai wa gwaggo na sabulu, kice daga 'yarta ta Jidda. In bata iya bana ba ki barshi sai kin je hutu kin ganta ido da ido.

Ki fara da toshe lambar nan yau kafin ki tafi aiki, gobe ki nemi ganin likita, jibi ki kira fasto. Ranar 26 ga Disamba kuma ina jiran saƙonki, ko layi ɗaya ne, ki faɗa min ko shinkafarki ta kama kamar tawa.

Antinki